Tsohon gadon ƙarfe ya yi tsatsa, fentin ya ɓaɓɓare: a ƙona shi ko a zuba masa ruwan batir?

"Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga Tudun Wada. Akwai gadon ƙarfe mai rumfa na mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tun na aurenta ne, ya daɗe a jingine a sito. An sha yi masa fenti kala-kala, yanzu duk ya ɓaɓɓare, ƙafafun kuma sun yi tsatsa sosai. Ina so in gyara shi in sa a ɗakin yara. Wani ya ce in sa a ƙona shi da tsohuwar taya fentin zai zube, wani kuma ya ce ruwan batir ne ke cin tsatsa. Dan Allah wanne ya fi, kuma zan iya yi a gida ko sai na kai wa masu walda?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Inna ya kai haske kabarinta. In na fahimce ki abu uku kike tambaya, yadda za a raba gadon da tsohon fenti, yadda za a kashe tsatsar, sai kuma ko aikin na gida ne ko na shago. To tun kafin mu yi nisa, shawarwarin nan biyu da aka ba ki duk ki ajiye su gefe, ba taya ba ruwan batir, zan zo kan dalili. Kuma na ji daɗi da ba ki ce za ki sayar wa 'yan gwangwan ba, domin gadajen nan na da, irin su Vono da masu rumfar da aka riƙa yi wa amare a shekarun 1970 da 1980, ƙarfensu ya fi yawancin bututun da muke saye yanzu kauri, wanda duk yake sana'ar walda da fenti kamar ni ya san haka da ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinsa.

Ita tsatsa ba wani abu ba ne illa ƙarfe da ya haɗu da danshi da iska. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, kumbura take yi, shi ya sa take ɗago fenti daga ƙasa ki ga ya yi ƙuraje sannan ya fashe, kuma tana riƙe ruwa a jikinta, saboda haka in aka shafa sabon fenti a kanta an rufe ta ne kawai da abincinta, ciki za ta ci gaba da yi, damina ɗaya ta wuce sai ki ga jan tabo ya huda sabon fentin ya fito. Ƙafafu kuwa su suka fi shan wahala saboda su ke taɓa siminti, ga ruwan goge ɗaki, ga fitsarin yara wanda gishirin cikinsa ke ƙara wa tsatsa gudu, ga sito da ba a buɗewa, kin san yadda bango da daɓe ke jiƙewa a garin nan cikin watan Agusta.

Kafin ki sayi komai, duba ƙarfen

A fito da shi tsakar gida a warware shi gaba ɗaya, kai daban, ƙafa daban, dogayen ƙarafan gefe, rumfar, da ragar sufirin. Notin da ya ƙi kwancewa kar a sa masa ƙarfi ya karye, a ɗiga masa kananzir da ɗan baƙin mai a bar shi ya kwana, ko a fesa WD-40, man feshin sassauta noti, in akwai, washegari a ɗan bubbuga shi da guduma sannan a sa sifana. Ki tara notinan a gwangwani ɗaya, na da ɗin ba kullum ake samun daidai su a kasuwa ba.

Sai ki ɗauki ƙaramar guduma ki bi ƙafafun kina ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi ƙwal, wanda tsatsa ta cinye daga ciki kuwa sai ki ji sautin ya dushe, wani lokaci har ki ji garin tsatsa na zubowa a cikin bututun. Inda kika yi shakka ki danna bakin sukudireba da ƙarfi, in ya lotsa ko ya huda to wannan wurin ba na samfefa ba ne, na mai walda ne, a yanke a ƙara sabon guntu. Ki fi mai da hankali kan tsawon ɗan yatsa na ƙasan kowace ƙafa da kuma kusurwoyin da dogon ƙarfe ke shiga ya maƙale, nan ne duk nauyi ke sauka, kuma yara tsalle za su yi a kai ko kin hana. Waldar a fara yinta kafin a zo maganar sabon fenti, kuma a kankare tsohon fentin wurin tukuna, kar a ɗora wuta a kansa. In akwai 'yan ƙwallayen ado masu ruwan zinariya a saman rumfar ki kara musu mayen ƙarfe, in bai kama ba tagulla ce ko makamancinta, a cire su a ajiye, su gogewa kawai suke so, ba a sa musu samfefa mai kaushi.

Maganar da ta fi tsatsar muhimmanci

Tunda kin ce ɗakin yara za a sa shi, dole in tsaya a nan. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu, ana sa ta don kala ta fito ta daɗe kuma fentin ya bushe da wuri, har jan fentin shimfiɗa na ƙarfe a da akwai wanda da dalma ake yinsa. Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978, mu kuwa nan ya ci gaba da yawo a kasuwa shekaru da yawa bayan haka, to gadon da ya sha fenti hawa-hawa tun zamanin auren Inna ki ɗauka kawai akwai ta a ciki. Ba a gane ta da ido ko da wari. Kuma mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba, mun ga abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sakamakon ƙurar duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Na fenti bai kai wancan yawa ba, amma hanyar shigarta ɗaya ce, ƙura ta sauka a ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya sa hannu a baki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da za a ce ba shi da illa, ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa.

Kin ga dalili na farko ke nan da ya sa na ce ba taya. Wuta mai ƙarfi tana mai da dalmar hayaƙi, ku shaƙa, maƙwabta su shaƙa, tokar ta zauna a tsakar gida inda ake shanya da girki. Bayan haka zafin taya ba a iya sarrafa shi, bututu yana lanƙwashewa, gadon da ya shiga wuta sau da yawa in an zo haɗawa sai ƙafa ɗaya ta ƙi taɓa ƙasa, sufirin kuwa da ya sha wuta ya mutu ke nan, ƙarfin dawowarsa ya tafi, za ki kwanta ya lotsa ya zauna a haka. Ga baƙin maiƙon da hayaƙin taya ke bari, wanda fenti ba ya kamawa a kansa sai an sake wani wankin. An kawo mini irinsu shago bayan an ƙona, aikin gyaransu ya fi na wanda ba a taɓa ba wahala.

Ruwan batir shi ma haka. Eh yana cin tsatsa, amma bai san inda tsatsa ta ƙare ƙarfe ya fara ba, yana shiga cikin haɗin walda da ramin bututu inda ba za ki iya wanke shi ba ya zauna yana ci, bayan 'yan watanni tsatsar da za ta fito ta fi ta farko. Wanda aka tsiyayo daga tsohon batir kuma akwai dalma a cikinsa, ɗigo ɗaya a ido kuwa ba a fata. Wallahi ban ga amfanin shigo da shi gidan da ke da yara ba.

Cire fentin

A ƙa'ida ba kowane tsohon fenti ake cirewa duka ba, in ya kama daram bai fashe ba ana iya goge shi sama-sama a ɗora sabo. Amma naki ya ɓaɓɓare, hawa-hawa ne, kuma yara na gatsar ƙarfen gado, ni a ganina a sauke shi duka har ƙarfe.

Ki zaɓi wuri a waje inda iska ke wucewa, nesa da madafa da randa, ki shimfiɗa babbar leda ko tsofaffin buhuna don duk abin da ya zubo ya sauka a kai. Yara su tafi gidan 'yan uwa ranar, mai juna biyu kuma kar ta zo kusa sam. Safar hannu ta roba mai kauri, tabarau mai rufe gefe, da takunkumi na gaske irin N100 ko P100, ba na yadin nan na lokacin korona ba. Kayan da aka yi aikin da su a wanke su daban.

Hanyar da na fi so wa mai yi a gida ita ce maganin cire fenti na gwangwani, a wajen masu sayar da fentin mota a Sabon Gari za ki samu, ki ce rimuba. Ana shafa shi da kauri da tsohon buroshi, kar a yi ta ja kamar fenti, a ɗora shi kawai, a rufe da leda don kar ya bushe da sauri musamman in da rana, bayan minti 15 zuwa 30 za ki ga fentin ya yamutse ya tashi, sai a bi da wuƙar kankara a sauke. Hawa uku ko huɗu ba ya fita a shafa ɗaya, a maimaita, kuma a yi gaɓa-gaɓa, kar a shafe gadon duka lokaci guda ya bushe kafin a iso. Amfaninsa shi ne fentin na fita a jiƙe, ba ƙura. Haɗarinsa kuma warin, da yawansu akwai sinadarin metilin kulorayid wanda ya kashe mutane a rufaffen ɗaki, har Amurka ta hana sayar wa jama'ar gari shi a 2019, saboda haka ba a ɗaki ba, ba a zaure ba, a fili. In kan mutum ya fara juyawa ya bar wurin nan take. Ya taɓa fata a wanke da ruwa mai yawa.

Akwai masu dama kostik soda, wadda mata ke haɗa sabulu da ita, su kaurara ta da sitaci su shafa. Tana aiki a kan fentin mai kuma ta fi araha, ba ta cin baƙin ƙarfe, amma tana cin alminiyam tana ɓata tagulla, fata da ido kuwa ba a magana. Wanda ya saba da ita ya san sodar ake zubawa a ruwa kaɗan-kaɗan a bokitin roba, ba ruwa a kan soda ba. In ba kya haɗa sabulu kin saba da ita, bar ta kawai.

In kuɗin rimuba ya yi yawa, wuƙar kankara da samfefar ruwa, baƙar nan, sun isa, sai dai haƙuri. Ana yi ana yayyafa ruwa don ƙurar ta zama caɓi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kawo giranda a hau tsohon fenti a bushe a tsakar gida, minti kaɗan ƙurar ta bi ko'ina har cikin tulu. Idan an gama a naɗe ledar da duk abin da ke kanta a ɗaure, kar a ƙona, kar a zuba a kwata ko inda awaki da kaji ke kiwo.

Ita kanta tsatsar

Da fenti ya sauka za ki ga tsatsar iri biyu ce. Akwai ta sama, ja-ja kamar hoda, wannan buroshin waya da samfefa sun gama da ita. A fara da buroshi a kaɗe ɓawon, sai samfefa lamba 80, a koma 120, a ƙarasa da 220 in ana son santsi. Ga bututu mai zagaye ki yanka samfefar doguwa kamar faɗin yatsu biyu, ki zagaya ta bayan bututun ki riƙe bakin biyu kina ja hagu da dama yadda mai shushaina ke jan ƙyalle a kan takalmi, ta fi sauri kuma ba ta barin gefe. Ba sai ƙarfen ya yi walƙiya kamar madubi ba, ɗan kaushin nan ma shi fenti ke kamawa, abin da ake so dai in kin shafa farin tsumma kar ya ɗauko ja.

Sai mai rami, wadda ta yi 'yan ƙananan huji-huji kamar zanzana, ita ce mai dawowa, domin samfefa na wucewa ta saman ramin ta bar ta a ciki. A nan tsami ke aiki. Ruwan khal fari na girki ya isa, notina da ƙananan ƙarafa a jiƙa su a ciki su kwana, ƙafafun gado kuma ki yanke gorar roba ki tsayar da kowace ƙafa a ciki ki zuba khal ɗin ya rufe wurin tsatsar, inda ba ya jiƙuwa a naɗe da tsumma mai khal a ɗaure da leda. Da safe a bi da buroshin waya, za ki ga baƙin ruwa na fita. Lemon tsami ma na yi, sai dai zai ci lemo da yawa. Bayan nan kar a bar tsamin a jiki, a jiƙa kanwa a ɗauraye da ruwanta don ta kashe shi, a bi da ruwa mai kyau, a goge, a kai rana nan da nan, a kifa bututun yadda ruwan ciki zai tsiyaye. Akwai kuma maganin kashe tsatsa na kwalba wanda in an shafa yake mai da ita baƙa ta daskare a yi fenti a kai, yana da kyau ga ramuka da lungun ado inda hannu ba ya shiga, amma sai an kaɗe ɓawon tukuna, ba ya aiki a kan tsatsa mai kauri.

Ragar sufirin kar a wahalar da kai da samfefa, buroshin waya kawai, wanda ya tsinke a canza. In ta mutu gaba ɗaya mai walda ya sa ƙarafa a gicciye a ɗora katako, ya ma fi wa katifar zamani. Kuma tunda an warware, a leƙa ramukan bututu da kusurwoyi, nan kuɗin cizo ke ɓuya, tafasasshen ruwa a wannan matakin kafin shanya yana maganinsu.

In za a yi amfani da giranda mai buroshin waya a kan tsatsar bayan fenti ya fita, wanda ya iya ya yi, da tabarau, domin wayoyin na tsinkewa su yi tsalle, kuma ba da babbar riga ko mayafi ba, injin na fizgar yadi.

Ranar da aka gama gogewa, ranar za a shafa na farko

Nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa. Ƙarfen da aka goge tsirara yake, da damina kafin dare ya yi za ki ga ya fara yin ja, raɓar asuba kaɗai ta isa. Saboda haka a tsara aikin yadda duk ɓangaren da aka gama za a goge shi da tsumma mai tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, a cire maiƙo da ƙura, ya sha iska kaɗan, a shafa masa red oksayid, jan fentin shimfiɗa ke nan, a ranar. Kar a goge da kananzir, maiƙo yake bari, fetur kuma kin san halinsa da wuta, ita ma tinar a nisanta ta da risho da garwashi. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, mai kauri zuba yake yi ya yi hawaye kuma cikinsa ba ya bushewa. A fara da ƙasan ƙafafu da kusurwoyi, inda ido ba ya gani nan tsatsa ke farawa.

Washegari sai fentin mai, shi ma shafa biyu, a ba shi kwana ɗaya tsakani, ko yadda aka rubuta a gwangwanin. Fentin ruwa na bango ba na ƙarfe ba ne. Ki sayi na kamfani sananne a rufaffen gwangwani ki duba an rubuta babu dalma, kar ki karɓi na awo da aka ɗura a gora ba suna, kuma ki sani rawaya da ja da ruwan lemo su ne kalolin da aka fi samun dalma a ciki, fari ko ruwan toka sun fi kwanciyar hankali ga ɗakin yara. In feshi za a yi da fentin mota to tun daga shimfiɗar a yi da na mota, domin tinarsa na da zafi, in ta hau kan fentin mai sai ya yamutse kamar an zuba rimuba.

Lokaci ma na da tasiri. Ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. In cikin hunturu ne a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a yi a inda iska ba ta bugowa, in ba haka ba fentin zai bushe da yashi a jiki. Da bazara kuma a inuwa, ƙarfen da ya sha rana yana busar da saman fenti cikin bai bushe ba. Bayan shafar ƙarshe a bar shi a waje ƙarƙashin rumfa kamar mako guda kafin a ɗora katifa, ko da kin taɓa kin ji ya bushe bai gama ƙarfi ba, warin ma ya fita kafin yara su kwana a kai. Ƙafafun a sa musu murfin roba, in ba a samu daidai su ba a yanka tsohon silifa ko guntun taya a sa a ƙasa don kar su ƙara zama a kan siminti kai tsaye.

To a gida ko a shago? Ban ga gadon ba, daga bayaninki kawai nake magana, gudumar nan ita za ta faɗa miki gaskiyar ƙafafun. In ba huji, ke da wani babban ɗa ko ƙane za ku iya, aikin 'yan kwanaki ne. In gidan ƙarami ne, ko na haya mai yara da yawa a tsakar gida, gara a kai shago saboda ƙurar nan. Idan kuma akwai yaron da kika san ya daɗe yana ɓantarar fentin yana sawa a baki, wannan ba fannina ba ne, ki kai shi asibiti ki gaya wa likita ainihin abin da ya ci.

In kin kai shago ku yi magana a fili tun farko, ba wuta, ba ruwan batir, kuma a kira ki ki ga ƙarfen tsirara kafin a shafa red oksayid, ki sake ganinsa da jan kafin a ɗora kala. Ki duba ƙasan ƙafafu da cikin kusurwoyi da kanki. Kuɗin aikin ki raba biyu, rabi a fara, rabi bayan kin ga matakin jan fentin, mai aikin kirki ba zai ji haushin wannan sharaɗin ba.